FILIN KIWON LAFIYA: Ruwan Fure Da Fargabar Naƙuda

A ɗakunan haihuwa na ƙasashen Turai, musamman Ingila da Jamus, akan ga mace ta zo naƙuda da wata 'yar kwalba mai launin ruwan ɗorawa cikin jakar kayanta. In ciwo ya taso, gaba ya shiga faɗuwa, sai mijinta ko wata 'yar'uwarta ta ɗiga mata ɗigo huɗu bisa harshe, ko kuwa a zuba cikin kofin ruwa ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Abin da ke cikin kwalbar shi ake kira ruwan fure, masu sayar da shi kuwa sun ce yana korar fargaba, yana kwantar wa mai naƙuda hankali. Yanzu da ciniki ya koma ta intanet, matafiya kuma ba su rabuwa da tsaraba, ba abin mamaki ba ne a tsinci irin wannan kwalba a ɗakin wata mai ciki a Ikko ko Abuja ko Kano. Saboda haka ya kamata a san ko mene ne wannan ruwa, daga ina ya fito, da iyakar abin da zai iya yi wa macen da ke durƙushe.

FARGABA BA SHAGWAƁA BA CE

Da fari dai, ciwon da ake nema wa maganin gaskiya ne. Hausawa kan ce mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira, kuma yarinyar da ta tashi tana jin wannan magana ba za ta shiga watan haihuwarta da sakakkiyar zuciya ba. Tana tsoron ciwo, tana tsoron wuƙar likita, tana tsoron ko abin da ke cikin zai zo da rai.

Wani likitan mata na Ingila, Grantly Dick-Read, shi ne ya yi fice wajen jawo hankalin likitoci ga wannan al'amari, cikin wani littafi da ya fitar a 1933. Bayaninsa shi ne, tsoro yana sa jiki ya ɗaure, ɗaurewar jiki tana ƙara ciwo, ciwon kuma ya sake haifar da tsoro, haka abin zai yi ta zagayawa. Binciken da aka yi bayansa ya ƙarfafa wani sashe na maganarsa. Mahaifa tana aikinta ne da umurnin wani sinadari da jiki ke fitarwa mai suna okzitosin, shi ke sa ta matsawa tana saki har ƙofa ta buɗe. In mutum ya firgita kuwa, jiki sai ya kwararo wani sinadarin dabam, watau adiranalin, wanda aikinsa shi ne shirya mutum domin gudu ko faɗa. In ya yi yawa a jinin mai naƙuda yakan raunana matsawar mahaifa, ya rage jinin da ke isa gare ta, naƙuda ta yi ta ja. Ke nan duk abin da zai kwantar wa mace hankali a wannan lokaci ya cancanci a dube shi da idon basira.

LIKITA BACH DA FURANNINSA

Wanda ya ƙago ruwan fure shi ne Likita Edward Bach, Bature ɗan Ingila, an haife shi a 1886 kusa da birnin Birmingham. Cikakken likita ne, ya yi karatu a London, ya kuma yi aikin binciken ƙwayoyin cuta. A 1917 ya kwanta ciwo mai tsanani har aka yi masa aiki, likitoci suka ce da wuya ya wuce wata uku, amma ya tashi. Sannu a hankali ya ƙudurta a ransa cewa tushen cuta yana cikin halin zuciya, watau tsoro da damuwa da ƙosawa da fid da tsammani, in an gyara waɗannan jiki zai gyara kansa.

A 1930 ya rufe ɗakin duba marasa lafiyarsa na London, ya shiga ƙauyukan Ingila da Wales yana neman furanni. Hanyar da ya bi wajen zaɓensu ita ce abin lura. Bai auna su a ɗakin bincike ba, bai kuma gwada su kan jama'a yana ƙidaya sakamako ba. Abin da ya ji a ransa ya bi. In wata damuwa ta sauko masa sai ya fita daji ya yi ta duba tsirrai har ya tarar da wanda ya ji ya yaye masa ita, sai ya ce wannan shi ne maganin irin wannan damuwa. Da haka ya tara magunguna 38 kafin rasuwarsa a 1936 yana da shekara hamsin. Ɗaya daga cikinsu ma babu fure a ciki, ruwan marmaro ne zalla. Gidan da ya ƙare rayuwarsa, Mount Vernon, a yankin Oxfordshire, shi ya zama cibiyar mabiyansa.

Kowane fure da aikin da ya ba shi. Mimulus na tsoron abin da aka sani ne, Aspen na fargabar da ba a san dalilinta ba, Olive na gajiya. Wanda ya fi shahara, wanda kuma aka fi kai wa masu naƙuda, shi ne haɗin furanni biyar da ake sayarwa da sunan Rescue Remedy. A cikinsa akwai Rock Rose domin firgita, da Impatiens domin ƙosawa, da Cherry Plum domin tsoron kada hankali ya gushe, da Star of Bethlehem domin kaɗuwa, da Clematis domin jin kamar za a suma.

ABIN DA KE CIKIN KWALBAR

Mai karatu zai iya zaton wannan irin tsimi ne ko jiƙo, kamar yadda ake jiƙa saiwa ko sassaƙe har ruwa ya rine ya yi ɗaci. Abin ya sha bamban. Ana tsinko furanni ne a zuba bisa ruwan marmaro cikin kwanon gilashi, a ajiye a rana wajen awa uku, waɗansu kuma a tafasa su rabin awa. Sai a tsame furannin a zubar, a gauraya ruwan da barasar burandi daidai wa daida. Daga wannan ake ɗibar ɗigo biyu kacal a zuba cikin kwalbar da ke cin mililita 30 ta barasa, ita ce ake kai wa kanti. Mai saye kuma ya sake ɗiga 'yan ɗigo cikin ruwa. Kafin abin ya kai bakin mai naƙuda, ɗan abin da ya fita daga jikin furen ya riga ya ɓace cikin ruwa. Mabiyan Bach ba su musun haka. Cewa suke wani ƙarfi ne na furen, wanda ba ya aunuwa, rana ke shigarwa cikin ruwan.

Abin da ke aunuwa cikin kwalbar shi ne barasa. Irin na asali yana ɗauke da ita wajen kashi 27 cikin ɗari, watau ƙarfinta ya ninka na giyar kwalba wajen sau biyar. Gaskiya ne ɗigo huɗu bai isa ya bugar da kowa ba. Amma likitoci suna hana mai ciki barasa, Musulma kuwa tana da hakkin ta san abin da ake ɗiga mata a baki, hukuncinsa kuma sai ta tambayi malamai. Akwai irin da ake yi ba da barasa ba, har da na tsotsa kamar alewa, sai an karanta takardar jikin kwalba za a bambance.

DA AKA ƊORA SHI A SIKELI

Likitoci suna da hanyar gane ko magani na aiki. Sukan raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan maganin wofi, watau abin da ya yi kama da shi a ido da baki amma babu kome cikinsa. Mai sha bai san wanda ya samu ba, mai bayarwa ma bai sani ba. In maganin na da ƙarfi na kansa, lalle a ga bambanci.

An yi wa ruwan fure irin wannan gwaji, galibi kan ɗaliban da ke fargabar jarrabawa. A jami'ar Exeter ta Ingila an ɗibi ɗalibai 100, ba a ga bambanci tsakanin gidajen biyu ba. A Jamus, cikin wani gwaji da aka buga a 2001, an ɗibi mutum 61. Fargaba ta ragu ga waɗanda suka sha ruwan furen, ta kuma ragu haka nan ga waɗanda suka sha na wofi. A 2010 Farfesa Edzard Ernst na Exeter ya tattara gwaje-gwaje bakwai ya auna su, ya tarar duk waɗanda aka kwatanta da maganin wofi ba su nuna ruwan furen ya fi shi da kome ba. Wasu masana na ƙasar Ostiriya da suka yi irin wannan tattarawa a 2009 su ma nan suka tsaya, ko da yake ba su sami shaidar wata babbar illa tattare da shi ba.

Duk da haka yana da magoya baya. A 2018 gwamnatin Brazil ta sa shi cikin jerin hanyoyin jinya na taimako da aka yarda a yi a asibitocinta, kuma daga birnin Sao Paulo an ba da rahotannin gwaji kan masu naƙuda waɗanda suka yaba shi. Sai dai rahoton wuri guda ba ya zama hujja sai waɗansu masu bincike sun maimaita a wani wuri sun sami abu ɗaya. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarinta kan kula da mai naƙuda a 2018, ta ambaci dabarun numfashi da sassauta jiki da tausa da ɗumama baya da sauraren sauti mai daɗi. Ruwan fure ba ya cikin jerin.

TO, ME YA SA MATA KE YABONSA?

Macen da ta ce ta sha ta ji sanyi a ranta ba ƙarya ta yi ba. A duba yadda abin ke faruwa. Tana cikin ciwo, sai wani ya matso kusa da ita, ya kira sunanta, ya tallafi kanta, ya ce ta buɗe baki, ya gaya mata yanzu za ta ji sauƙi. Ta ja numfashi, ta kurɓi ruwa, ta tabbata ba a manta da ita ba. In an sake yi bayan kowane ɗan lokaci, to ta sami mai zama a gefenta ke nan har ta sauka. Wannan kaɗai ya isa ya saukar da bugun zuciya. Ana yaba wa kwalba, alhali aikin na hannun da ya riƙe kwalbar ne.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne ga jama'ar da ke zuwa aikin Hajji. A kasuwannin Makka da Madina ana sayar da wani busasshen tsiro na hamada, a dunƙule kamar hannun da aka damƙe, Larabawa na kiransa Kaffu Maryam. In an sa shi a ruwa sai ya buɗe a hankali, mata a ƙasashe da dama kuwa sukan jiƙa shi lokacin naƙuda suna fatan ƙofa ta buɗe kamar yadda ya buɗe. Ɗan Adam ko'ina yake yana son abin da zai riƙa a lokacin tsanani. Cikin Suratu Maryam ma an ba da labarin yadda naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino cikin matsanancin baƙin ciki, aka yi mata magana aka lallashe ta, aka nuna mata ruwan sha da ɗanyen dabino.

MAGANIN DA AKA TABBATAR

Shi wannan zama kusa da mai naƙuda an ɗora shi a sikeli, ya kuwa yi nauyi. A 1980 likitoci Roberto Sosa da John Kennell da Marshall Klaus da abokan aikinsu suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a ƙasar Gwatamala kan mata masu haihuwar fari. Waɗansu an bar su yadda aka saba, su kaɗai cikin ɗaki mai cunkoso. Waɗansu kuma aka ba kowacce wata mace, wadda ba nas ba ce ba kuma ungozoma ba, aikinta kawai ta zauna, ta riƙe mata hannu, ta shafa mata baya, ta riƙa yi mata magana. Waɗanda aka bari su kaɗai sun yi wajen awa 19 kafin su sauka, masu abokiyar zama kuwa ƙasa da awa 9.

Wancan gwaji ƙarami ne, waɗanda suka biyo baya ba su sami rata mai faɗin haka ba, amma sun tabbatar da amfanin. A 2017 ƙungiyar Cochrane ta haɗa gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata fiye da 15,000. Aka tarar mai abokiyar zama naƙudarta takan ragu da wajen minti arba'in, buƙatar yi mata aiki a ciro jariri takan ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, neman maganin kashe ciwo ma yakan ɗan ragu, kuma ba a ga wata illa ba. Cikin gwaje-gwajen har da na gida Nijeriya, wanda aka yi a asibitin koyarwa na jami'ar Ibadan aka buga a 2009, shi ma ya nuna haka. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar kowace mace ta shiga da wanda ta zaɓa, ko uwa ko 'yar'uwa ko miji ko aminiya.

A nan al'ada ta ba da hannu ɗaya ta karɓe da ɗaya. Goyon ciki, watau mai cikin fari ta koma gidan iyayenta, yana kai yarinya kusa da wadda ta fi kowa iya kwantar mata da hankali. Amma kunya takan sa ta ɓoye ciwon, ta shige ɗaki ta cije, don kada a ce raguwa ce, ungozoma kuwa sau da yawa sai an ji kukan jariri ake kiranta yankan cibi. A asibitoci da yawa kuma ɗakin haihuwa ɗaya ne ga mata da dama, sai a tsai da 'yan rakiya a waje. Labule tsakanin gadaje da kujera guda a gefen kowane gado ba su kai kuɗin na'ura ba, ya kamata hukumomin asibitoci su duba wannan. Haka nan ma'aikaciyar da ke daka wa mai naƙuda tsawa ta sani tana ƙara tsawon aikin da ke gabanta ne.

INDA HAƊARIN YAKE

Baturiyar da ke ɗiga ruwan fure a London tana kwance ne a inda akwai ungozoma mai ilmi, da jini a ajiye, da ɗakin tiyata a kusa. In ruwan bai yi mata kome ba, asararta 'yan kuɗin da ta saya. A Nijeriya lissafin dabam yake. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2023 mata wajen 75,000 suka rasu a ƙasar nan ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin ɗari ce kawai aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai 20 ba. Tun a 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya buga nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a Zariya, ya nuna mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba cikin matan da ba su je awon ciki ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci.

Masana sun kasa jinkirin da ke kashe mata gida uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duk wani abin sha da za a ce a ba ta a jira a gani, ko na kanti ne ko na gargajiya, yana ƙara tsawon jinkirin farko. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, alamun zubar jini suna kama da alamun fargaba. Macen da jini ke tsiyaya a cikinta takan kasa zama wuri ɗaya, zuciyarta na bugawa da sauri, gumi mai sanyi na karyo mata, tana cewa ji take kamar za ta mutu. Wanda ya ɗauka tsoro ne ya tsaya ɗiga mata ruwa a harshe ya ɓata lokacin da ba ya dawowa, domin zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Doguwar naƙuda kuma, in kan jariri ya tokare, ita ke jawo yoyon fitsari, wanda ya kai mata masu yawa asibitin Babbar Ruga a Katsina.

Saboda haka in an ga ɗaya daga cikin waɗannan, sai a nemi mota nan take: zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko zazzaɓi, ko naƙudar da ta wuce awa 12, ko faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko hannu ko cibiya ta riga fitowa, ko jariri ya daina motsi, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin fargaba yana somawa tun wajen awo, wanda aka so mai ciki ta je sau takwas, ta yi tambaya a gaya mata yadda naƙuda ke tafiya, domin abin da aka sani bai kai wanda ba a sani ba ban tsoro. Maigida ya tanadi kuɗi da mota, ya bar izini a gida cewa ko ba ya nan a tafi da ita. A zaɓi wadda za ta zauna da ita tun da sauran lokaci, mace mai haƙuri da sanyin baki. In ranar ta zo a bar ta ta zaga, ta sha ruwa, ta yi addu'arta, a shafa mata baya. Wadda ta riga ta sayi ruwan fure kuma tana son sha, ta duba ko akwai barasa, ta nuna wa ungozomar asibiti, kada kuma ya hana ta fita da wuri.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.